Asusun Ɗaki na Huɗu

Ƙarfe goma da kwata Kawu ya banko ƙofar ɗakin kwamfutoci, ko sallama babu.

"Injiniya, ina muryoyina?"

Kawu ne ke kula da ma'ajiyar gidan rediyon, sautin shekara talatin. A ciki har da shirye-shiryen ƙanwarsa, mahaifiyar Injiniya, wadda ta rasu bara.

"Haba Kawu, goge tabaranka dai," ta ce tana dariya. Ta buɗe ma'ajiyar a kwamfuta. Wayam.

Jiya ta ɗora wata manhaja mai share duk fayil ɗin da ya haura wata guda da ajiyewa. Ta sake ta a kan faifan kwamfutar gaba ɗaya, hankalinta kwance, don ta buɗe mata ƙaramin asusu wanda ba ya iya goge komai sai tarkacen ɗakin labarai. A gidan nan sunan komai da lambar ɗaki yake farawa, kujeru, makullai, har butoci. Dokar Manaja ce. Ɗakin labarai shi ne na huɗu, shi ya sa ta raɗa wa asusun 4shara.

Ta jawo rajistar na'urar. Ga shi nan, layi ɗaya tak: sunan bai halatta ba, da lamba ya fara, an yi watsi da shi. Na'urar ba ta tsaya ba, ba ta yi ƙara ba. Da ta rasa sunan da za ta ba manhajar, sai ta tayar da ita a matsayin root, asusun da babu ƙofar da ke rufe masa.

"Yi mini bayani da Hausa, 'yar nan."

"Tsintsiya na aika, Kawu, aka haɗa mata da makullan gidan duka."

"To, faifan ajiya fa? Na biyun?"

Ta waiwaya. Yana kan tebur, fitilarsa na ƙyaftawa, wayarsa a jone tun jiya da rana. Ta manta ba ta cire ba. Ta buɗe shi. Shi ma fes.

Wayar ofis ta hau ruri, Manaja ne. Babu wanda ya ɗaga.

Kawu ya zauna a kan kwalin takardu, ya cire tabaran, ya riƙe a hannu.

"Kullum da safe sai na kunna shirin mahaifiyarki kafin in fara aiki," ya ce. "Ke kina da ko guda a wayarki?"

Injiniya ta girgiza kai. Ba ta taɓa kwafa ba. Tana ganin ai suna wurin Kawu.