Ranar da Aka Yabi Shitu a Asibiti

"Sam, bai faɗi ba," in ji Alhaji Maiwada. "Wata takwas ke nan ko sau ɗaya."

Ƙanensa Shitu aka tambaya, amma Alhaji ne ya kawo su asibitin Malumfashi a motarsa, don haka bakin ma nasa ne. Lauratu, matar Shitun, tana raɓe a bakin ƙofa. Shekara sha ɗaya tana kawar da wuta da wuƙa daga gaban mijinta in farfaɗiya ta taso. Yanzu magani ya karɓe shi, ita kuwa tsoronta ya fi na da, domin shekaranjiya ya ce mata ya gaji da ganin gari na wayewa.

Sista Nkiru, ma'aikaciyar jinyar da aka haifa a Funtua, Hausa a bakinta kamar ta kowa, ta jawo wata takarda. Ta ce masu wannan ciwo sukan haɗu da ciwon damuwa, shi ya sa ake ƙara tambayoyi.

"Malam Shitu, kana jin daɗin abubuwan da ka saba?"

"Ya daina su duka, alhamdulillahi," Alhaji ya karɓe. "Mutumin da in ya zauna a majalisa sai an watse? Yanzu daga ɗaki sai masallaci."

"Abinci fa?"

"Loma biyu. Da kuwa tukunya yake tashi da ita."

"Yana fushi?"

"Ko gonarsa ka shiga da shanu ba zai tanka ba. Wallahi Sista, maganin nan har hali ya gyara masa. In da hali ma a ƙara masa."

Shitu dai yana kallon farcen ƙafarsa. Takaici ya kama Lauratu. Duk abin da ke hana ta barci, ga shi yayan miji yana jerawa kamar yabon ango. A gidansu kuwa mace ba ta tsinka maganar yayan miji, balle ta yi ƙorafi bayan Allah ya kawo sauƙi. Butulci za a kira shi.

Sista ta ɗauki biro za ta rubuta ranar dawowa. Wata uku nan gaba.

Lauratu ta matso. Ta zaro wata kwalba daga cikin hijabinta ta dire a kan tebur. Maganin kashe ciyawa ne.

"A ƙarƙashin gadonsa na samu," ta ce da ƙyar. "Mako uku ina yawo da ita, har bayi."

Alhaji ya ɗaga kwalbar ya duba. "Ashe ke ce. Ga ciyawa ta cinye masara, mu muna ta zargin maƙwabta."

Sista Nkiru ta ajiye biron. Cikin ladabi ta roƙi Alhaji ya ɗan jira a waje, ta tura ƙofa, ta jawo kujerarta har gaban Shitu.

"Malam Shitu, yanzu kai nake tambaya. Yaya zuciyarka?"

Ya ɗago kai ya dube ta. Can ya buɗe baki, muryarsa a dishe, ya fara faɗa mata abin da ke cinsa.

A waje kuwa ana jiyo Alhaji yana yi wa masu jiran layi albishir cewa ƙanensa ya warke sarai.