Sharhin Sa'idu Kan Waƙar Magaji

Shekarar da aka cire Kebbi daga Sakkwato, Malam Magaji yana koyarwa a wata firamare a Aliero. Matarsa Kande ta tafi wankan jego gidan iyayenta a Jandutsi. Kewa ta dame shi, ya zauna ya rubuta waƙa. Ga yadda ta fara:

Tun da kin bar gida ban da barci,
Ko tuwo na taɓa sai shi yi ɗaci.

Ya ba abokinsa Malam Sa'idu na Maiyama ya duba masa amsa-amo. Bai faɗa masa wadda aka yi wa waƙar ba, don kunya.

Sa'idu kuwa sabon dawowa ne daga kwas, kansa cike da darasin nazarin waƙa. Bai tsaya ga amsa-amo ba, ya rubuta cikakken sharhi, ya karanta shi a taron malaman Hausa da aka yi a Jega.

"Wagga waƙa ta siyasa ce," in ji Sa'idu. "Mai kukan, Sakkwato na. Wadda tab bar gida, Kebbi ta. Tuwon da yay yi ɗaci kuwa, shinkahwarmu ce da sunka rasa."

Aka yi ta tafi. Wani dattijo ya juyo ya tambayi Magaji, wanda ke zaune cikin taron, ko haka ne. Magaji ya dubi jama'a, ya ga kowa na kallonsa da girmamawa, sai ya gyara hula.

"Kusan haka na," ya ce.

Nan da nan labari ya kai Jandutsi, don ƙanwar Kande tana koyarwa a Jega, kuma da ita aka yi taron. Ranar da Kande ta dawo, ta share ɗaki, ta shimfiɗe jariri, ba ta ɗora tukunya ba.

"Yau ba a girki?" Magaji ya tambaya.

"Malam, na ji wadda kaka kewa Jihar Kebbi ta. Sai ta zo ta tuƙa maka."

Washegari Magaji ya hau babur sai Maiyama. Ya gaya wa Sa'idu gaskiya, ya roƙe shi ya janye sharhin. Sa'idu ya yi dariya har da hawaye, amma ya ƙi. Ya ce waƙa in ta fita hannun mai ita, kowa da abin da zai gani a ciki. Sai dai ya yarda zai rubuta wani sharhin.

Ranar Juma'a Sa'idu ya zo Aliero, ya tsaya a zaure, Kande na sauraro daga bayan ƙofa. Ya bi waƙar baiti-baiti, ya kawo hujja cewa ita ake nufi, ya ƙara da cewa baiti na huɗu ya karye saboda mawaƙin yunwa yake ji.

Kande ta ce ta gamsu. Ta aiko musu da tuwon shinkafa da miyar ɗanyar kuɓewa, Sa'idu ya ci ya nemi ƙari.