Fendar Dama

Likita ba likita ba ne. Haƙoran roba ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗawa a wani ɗaki na bayan asibiti, amma unguwa ta ga farar riga ta yanke hukunci, shi kuma bai taɓa ɗaukaka ƙara ba. Da ya yi ritaya ya rasa bakin da zai gyara, sai ya waiwayi tsohuwar motarsa da ke tsakar gida.

Tsatsa ta riga ta cinye gabanta. Kayanta na ƙarfe kuwa an daina yinsu tun masu sayar da kayan mota na yanzu suna goye. Sai ya yi odar na faiba, wata irin roba mai tauri: murfin inji ɗaya da fenda biyu, wato marufan da ke saman tayoyin gaba. Suka iso a kwalaye, farare, ba nauyi, suna warin gam. A jikin kwalin an rubuta cewa suna zama daram ba sai an gyara ba. Likita ya karanta, ya yi murmushi. A saninsa, duk abin da ya fito daga mazubi ƙarya yake yi, sai ya sha magagari yake faɗin gaskiya.

Ana cikin haka Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta sami aiki a wata gonar bincike mai nisa, irin wurin da motar haya ke zuwa in ta ga dama. Ranar da labarin ya zo, a gaban yayyenta duka, Likita ya ce, "Da motata za ki tafi. Kuma ba inda za ki sai na gama ta." Kowa ya yaba rabin maganar na farko. Matarsa kaɗai ce ta ji rabi na biyu.

Murfin inji ya zauna cikin yini guda. Fendar hagu ma ba ta yi gardama ba. Fendar dama ce ta zama shari'a. Yau a ce sai ta sha rana ta saki jiki, gobe a ce ranar ta yi mata yawa. Mutanen gonar suka gaji da jira, suka kira suka ce in wata ya kama ba su ga Auta ba, za su ba mai bi mata gurbin. Auta ba ta cikin yaran da ke tsallake maganar uba. Ta faɗa masa sau ɗaya, tana miƙa masa sifana, ba ta sake ba. Ga wata kuma ya zo gangara.

Da safiyar nan suka fito kamar kullum. Auta ta tallafe fendar da hannu biyu, shi ya ɗaura notuna uku sako-sako, don gwaji ba a ɗaure shi tamau. Sannan ya zaro jan baki daga aljihu ya shafa a gefen ƙofar motar. Dabararsa ke nan tun zamanin haƙora: a shafa launi, a haɗa, a buɗe, duk inda launi ya kama nan ne ake gogayya, nan za a gurza.

Matarsa na shanya a igiya. Ba ta juyo ba ta ce, "Likita, jan bakin nan da ka ara ka ce sau ɗaya, ya kai gindi."

"Aiki yake yi. A wurinki me yake yi?"

"Da can yana sa ka ɗago kai."

"Ai ga shi ina ɗagowa."

"Motar kake kallo."

Auta ta sunkuyar da kai tana danne dariya, fendar ta motsa.

"Riƙe da kyau, Auta. Ba tire ba ne."

"To, Baba."

Ya buɗe ƙofar a hankali, ya rufe. Ya sake buɗewa har ƙarshe, ya rufe. Ba ƙara, ba tirjiya. Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi nasu ƙorafin, ya gyara tabarau ya bi gefen fendar da ido daga sama har ƙasa. Fari tas. Ya sa ɗan yatsa a tsagar da ke tsakanin ƙofa da fenda ya ja shi ƙasa. Faɗinta ɗaya tun daga gilashi har gindin ƙofa, kamar an ja da fensir. Yatsan nan ya san aiki, kuma bai iya siyasa ba. Gurzar jiya ita ce ta ƙarshe.

"Yaya, Baba?"

"Da saura," in ji shi. "Cire ta."

Matarsa ta yarfa zanin gado da ƙarfin da zanin bai yi laifin da ya kai haka ba.

Auta ta kwance notunan ta zuba a gwangwani. Suka ɗauki fendar suka kwantar a kan tebur, bisa tsohon bargo. Ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta miƙa masa nasa, ta danne gefe biyu da tafin hannu yadda ya koya mata. Ya ɗauki magagari.

Matsalar faiba ita ce matsalar haƙori: abin da aka gurza ba ya dawowa. Ja ɗaya yanzu, tsagar za ta buɗe baki a tsakiya. Ruwa ya sami hanya, iska ta riƙa fito a kan titi. Daga nan sai a ce fendar ta lalace, a yi odar wata, a jira. Watan zai kama ya wuce, Auta na nan tana kawo masa shayi. Lissafin ya fita sarai. Sai dai kuma, ko mutanen da ba ya ƙauna bai taɓa bari sun fita daga ɗakinsa da haƙori mai rawa ba. Akwai wani maƙwabci da ya taɓa kai ƙararsa a kan magudanar ruwa, har ya mutu da haƙoran Likita yake tauna nama, lafiya lau.

"Ina ne wurin, Baba?"

Ya juya fendar wajen haske yana neman ja. Ko ɗigo babu.

"Ko nan ne?" Ta nuna wani wuri da yatsa, wuri mai santsi, wanda ita ma ta san ba abin da ya same shi. Muryarta ba zolaya, ba fushi. Ta ƙara danne fendar don kada ta zame masa. "Na riƙe."

Da ta yi tsaki, da ya sami abin kamawa. Da ta yi kuka, da ya yi wa'azi a kan haƙuri, yana da shi a shirye. Amma yarinya ta tsaya tana riƙe masa aikinta don ya ji daɗin yankawa. Ya ɗora magagarin a gefen, ya ji sanyin ƙarfen a tafinsa. Ya daɗe a haka, har kazar maƙwabta ta leƙo ta kan katanga ta koma.

Ya ajiye magagarin a kan bargo.

"Wa ya ce miki nan ne? Wurin nan lafiyarsa ƙalau. Kin yi digiri ba ki san abu ya zauna ba?"

"Tuba nake, Baba."

"Ɗauko notunan. Duka, har na ƙasan. Da wasoshinsu na roba, faiba ba ta son ƙarfe ya cije ta."

Suka mayar da fendar. Wannan karon ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure, ba da ƙarfi ba, daidai inda hannu ke cewa ya isa. Auta na miƙo masa tun kafin ya tambaya. Da ya gama ya goge gefen ƙofar da tsumma, ya ja da baya. Mota shuɗiya da farin gaba, kamar wadda ta tsoma fuska a gari.

"Saura fenti," in ji matarsa, tana kallonsa ta gefen ido, don ta ga ko zai shige ta wannan ƙofar uzurin da ta buɗe masa.

Ya ga ƙofar. A buɗe take, kuma fenti na iya cin mako nawa aka ga dama.

"Fenti ba ya tuƙi," ya ce. "In ta zo hutu a yi. Auta, kira mutanen nan ki ce musu kina hanya. Kuma ki ji: ba a jingina da ita, ba a zama a kanta. Duk wanda ya ɗora mata gwiwar hannu a can, ki ce ubanki ya hana."

"Ko shugaban wurin ne?"

"Shi ne ma farko."

Ta shige ɗaki neman waya, tana tafiya a hankali har ta kai labule, daga nan aka ji takunta ya sauya. Matarsa ta ɗauki bokitinta ta bi bayanta.

Likita ya zagaya bayan motar. Ya durƙusa gaban bamba, ya girgiza ta, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ƙarƙashinta. Ya duba fitilu, ya duba salansa. Ya ɗauki lokaci sosai yana dubawa. Tsohuwar banza, komai nata lafiya.