Wa Ke Rage Shinkafar Ubangiji?

A unguwar da ke bayan tashar jiragen ruwa ta Mokpo, an san Kaka Mal-sun da abu biyu: kimcinta, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, mai sa hawaye, da bakinta, shi ma mai sa hawaye. Dattijuwa ce a zumuntar matan cocinsu, kuma ta haƙiƙance cewa yaron da ba a tsorata shi da wuta ba tun yana ƙarami, wata rana zai gan ta da idonsa.

Kullum da sassafe, kafin ta jiƙa shinkafar gida ta tafi addu'ar safe, takan ɗebi cokali guda da sunan kowane mutum na gidan, ta zuba a wani ɗan tulu tana yi masa addu'a. Haka uwarta ta yi, haka matan coci suke yi. Ranar Lahadi a juye tulun cikin jakar yadi a kai coci, fasto ya ci, mabukata su samu.

Sai ga shinkafar ta fara raguwa. Mal-sun ba ta bukatar ma'auni, da yatsa take gane inda ta saba kaiwa ranar Asabar, kuma yanzu ba ta kaiwa. Abin ya tsaya mata a rai har ta daina jin wa'azi sosai. Wane ne zai bar buhu guda a buɗe, ya tsallake ya je ya taɓa ɗan abin da aka ware wa Allah?

Ta fara da surukarta, Hye-ran, uwar jikarta Da-som.

"Uwar Da-som, ɓera ya shigo gidan nan ne?"

"Ɓeran da zai ɗaga murfin tulu kuma ya mayar, Mama? Sai dai in ya yi makaranta."

Mal-sun ta harare ta. Dama ba ta gamsu da yadda matar nan take renon 'ya ba, kullum sai "Yesu yana ƙaunarki," ko sau ɗaya ba a ji ta ce "Allah zai kama ki." Amma sata kam ba halinta ba ce. Ɗanta Tae-ho kuwa ba a ma sa shi a lissafi, mutumin da in aka ce ya miƙo gishiri sai ya buɗe firij.

Saura jikarta Da-som, 'yar shekara takwas. Nan ne zuciyar tsohuwar ta ƙi tsayawa, domin akwai wani abu game da yarinyar da ya fi shinkafa damunta. Da-som uwar tambaya ce. Ita ce ta taɓa tsayar da malamar makarantar Lahadi tana son ta san ko kifaye ma sun shiga jirgin Nuhu, in kuma ba su shiga ba, me suka yi da ba a hukunta su ba. Amma tun da suka dawo daga ƙauyen mahaifiyarta, bakinta ya mutu. Da farko Mal-sun ta ji daɗi, ta ce yarinya ta fara hankali. Daga baya tsoro ya kama ta, don ta san irin wannan shirun. Haka autanta Sang-gil ya yi yana saurayi: ya daina tambaya, ya daina zuwa coci, ranar da ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wanda ya juya wa Ubangiji baya ba ɗanta ba ne, ya ɗauki jakarsa. Yana birnin Busan yanzu, furfura ta fara fito masa, bai sake taka gidan ba.

Ranar Laraba ta zuba shinkafarta, ta ɗauki Littafi Mai Tsarki, ta rufe ƙofar gida da ƙarfi yadda kowa zai ji. Sai ta cire takalmi ta dawo a hankali, ta laɓe bayan labulen da ke ƙofar kicin, gwiwoyinta suna ƙorafi. Dattijuwar coci guda, ta tsallake addu'a tana gadin tulu!

Ba ta daɗe ba sai ga Da-som cikin kayan barci, gashi a hargitse. Ta jawo kujera ta hau, ta ɗaga murfin da hannu biyu. Ta ɗebi cokali ɗaya, ta share bakinsa da yatsa don kada ya wuce, ta sauko. Ba aljihu ta nufa ba. Buhun gida ta je ta juye shi, ta tsince ƙwayar da ta faɗi ƙasa ta jefa ciki.

Wannan wace irin sata ce, a ɗauka daga gida a mayar gida?

"To, sannu da aiki, ɓeran gidanmu."

Cokalin ya faɗi. Yarinyar ba ta gudu ba, ba ta yi kuka ba, sai ta sunkuyar da kai ta haɗa hannu kamar mai jiran allura. Hakan ya fi kuka yi wa Mal-sun ciwo.

"Na wa kike cirewa?"

"Nawa."

"Don me?"

"Gara in cire kaina, Kaka, kafin Allah ya cire ni a gaban mutane."

Da kyar maganar ta fito, guntu-guntu. A ƙauye an yi ranar tunawa da marigayi kakanta na wajen uwa, wanda yake ɗaukarta a keke su je sayen dafaffen dankali. Mutanen can ba Kirista ba ne. An jera masa tebur da kifi da 'ya'yan itace, kowa ya durƙusa ya kai goshi ƙasa. Mahaifiyarta ta tsaya a gefe tana addu'a, ita kuwa ta shiga layin 'yan'uwanta.

"Sau ɗaya na yi niyya, irin gaisuwar masu rai. Sai kowa ya yi na biyu, na mamata, sai na ga har na yi. Kuma na ci wainar shinkafar da ke teburin. Ke kika ce duk wanda ya rusuna wa matacce, Allah zai tofar da shi." Ta ɗago ido kaɗan. "Da a ɗaya na tsaya, da babu laifi?"

Tambayarta ta farko ke nan cikin makonni. Lallai Mal-sun ta faɗi maganar tofarwar, ta sha faɗa, tana jin daɗin yadda take sa yara su nutsu. Ba ta taɓa tunanin inda maganar take zuwa ta kwana ba.

"Ki tambayi fasto wannan, shi ma ya ji abin da muke ji," ta ce, tana zama a ƙasa da nishi. "Zo nan. Kina tsammanin don kin yi kirki nake zuba miki? Ke da kika yi mini fitsari a baya ranar Kirsimeti? Ranar ma na zuba. Ɗauko cokalin."

Ta riƙe hannun yarinyar suka nutsa shi cikin buhu. Da-som ta kai yatsa za ta share, tsohuwar ta buge yatsan, suka zuba shi a tulu da tozonsa.

"In na sake yin laifi fa?"

"Sai ki zo ki faɗa mini, in yi faɗa, in zuba. Uwarki ta fi ni gaskiya a nan, amma in kika gaya mata na faɗi haka sai na cire miki kunne."

Da-som ta yi 'yar dariya, ta ja hanci. Ta leƙa cikin tulun, kuma da gani an san wata tambayar na tafe.

"Kaka, mu huɗu ne a gidan nan. Me ya sa kullum biyar kike zubawa? Na ƙarshen kuma ba kya faɗar suna, baki kawai kike motsawa."

Ashe ita ma an daɗe ana yi mata laɓe.

"Na baffanki Sang-gil ne."

"Wanda ba ya zuwa coci? Tun yaushe?"

"Tun ranar da ya tafi. Ban taɓa fashi ba."

Yarinyar ta juya cokalin a hannu.

"Shi ya sani?"

Mal-sun ta kalli tulun. Ina zai sani? Abin da ya sani shi ne abin da ta faɗa masa a bakin ƙofa. Ta dafa kafaɗar jikarta ta miƙe, ta mayar da murfin tulun, ta daɗe tana gyara masa zama alhali ya zauna daidai.

"Uwar Da-som!" ta ƙwala kira. "Lambar wayar Busan ɗin nan da ke da mijinki kuke ɓoye mini, kawo ta."