Ruwan Zafi da Filin Shanya

Abu biyu ne suka riƙe Baba Kumfa mai wanki a duniya: idon ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa bayan rumfarsa, da filin da ke gabanta inda yake shanya. Ruwan nan ba ya neman itace balle gawayi. Ka jiƙa rigar bakanike a ciki, kafin ka gama gaisawa da maƙwabci baƙin mai ya saki. Filin kuwa gajeriyar ciyawa ce, ba ƙaya, ba jar ƙasa.

To, sai ga maganar wuta. Unguwa ta gaji da duhu, hukuma ta ce kamfani biyu sun kawo tayi, jama'a su zaɓa.

Injiniyan farko, wani dogo mai hular kwano, har rumfa ya same shi. Ya ce za su haƙa rijiya mai zurfin gaske, tururin ƙarƙashin ƙasa ya juya inji, wuta dare da rana.

"Ruwana fa?" in ji Baba Kumfa.

"Gaskiya, Baba, yana iya raguwa. Yana iya ƙafewa. Yana iya kuma zama yadda yake."

"Ɗana, tambaya ɗaya na yi, ka ba ni amsa uku."

Dogon bai ɓoye komai ba. Ya ce wani lokaci ƙasa takan ɗan motsa har bango ya tsage, kuma iska kan ɗauko wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Baba Kumfa ya dubi fararen kayan da ya goge.

Washegari ta biyun ta zo, mace mai fara'a, ta kamfanin sola. Ita ba haƙa, ba girgiza, ba wari. Sai dai in hadari ya rufe rana wuta ta ja baya, batir kuma in ya yi zafi ba a kula ba yana iya kamawa da wuta. Har Baba ya fara sakin jiki, sai ya ga ta zaro igiyar awo ta nufi filin.

"'Yata, me kike aunawa?"

"Inda za a jera faifan sola, Baba. Filin nan kaf, sannan a kewaye da waya."

"A kan faifan ana shanya?"

"Haba, Baba!"

Tun daga ranar kansa ya ɗaure. Duk gidan da ya kai wanki sai ya sauke musu ruɗunsa tare da kayan. Ya tsorata tela da girgizar ƙasa, ya tsorata mai kemis da gobarar batir, ya dawo ya gaya wa kowannensu akasin haka. Matarsa ta gaji ta ce, "Malam, don Allah ka tsaya wuri ɗaya. Wanne ya fi haɗari?"

"Ina na sani? Ɗaya ta ƙasa zai ci ni, ɗaya ta sama."

Ranar zaɓe aka cika wani aji a makarantar unguwa, manya sun takure a bencin yara. Mai kemis ya raɗa wa na kusa da shi cewa Baba Kumfa ne ya san ruwan, shi ya san filin, duk inda ya sa hannu nan ne daidai. Magana ta zaga aji, Baba kaɗai bai ji ba.

"Masu son sola," in ji shugaban unguwa.

Baba ya tuna tururin nan da ke gasa masa gwiwoyi da safe, ruwan da mahaifiyarsa ta koya masa wanki a ciki. A'a, ba za a taɓa masa ruwa ba. Ya ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi rututu.

"Masu son rijiyar tururi."

Kaico! Daidai nan idonsa ya faɗa taga. Ga zannuwan gado can a baje a fili, farare tas, iska na ɗan ɗaga gefensu. In ba fili, ina zai kai jiƙaƙƙen kaya? Bai san lokacin da hannun ya sake tashi ba. Jama'a suka kalli juna, suka kalle shi, suka bi.

Shugaba ya sosa ƙeya, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba. Injiniyoyin biyu suka yi ƙus-ƙus, sannan dogon ya miƙe yana murmushi. Ya ce ai aikin biyu ba sa hana juna, rijiya a baya, faifai a gaba, tunda jama'a sun amince da duka. Aka ɗauki tafi. Tela har da rungume Baba, wai shi ya kawo wa unguwa wuta ninki biyu.

Da Baba ya koma, ya tarar da matarsa a fili tana kwashe shanya. Ta ji tafin tun daga nan, sai ta tare shi da murna.

"Malam, wanne ka ceto mana, ruwan ko filin?"

Ya sunkuya ya kama ɗaya bakin zanen da ke hannunta.

"Bar shi ya ƙara shan rana," in ji shi.

"Ai ya bushe."

"Na sani. Bar shi dai."