Lambar da Ta Toshe Kunnen Nicanor

Guguwa biyar Nicanor Quiles ya gani da idonsa a kan tudun Yagrumal, kuma babu wadda ta sa ya sauka gari neman mafaka. Ta biyun ta yaye rufin ɗakinsa yana ciki, ya gyara zama a ƙarƙashin tebur har ta gaji ta wuce. Ta ƙarshen ta kwashe gonar kofi, ta karya turakun wuta, ta tafi da gadar da ke tsakanin gidansa da na yayansa Evaristo. Shekararsa saba'in da takwas a lokacin, amma da addarsa shi kaɗai ya sassare itatuwan da suka toshe hanya kafin ma'aikata su gama neman takalmansu. Bai taɓa zama a aji ba, bai kuma taɓa jin ya yi asarar komai ba. Irinsa ba a yi da yawa a tsaunukan nan ba, waɗanda aka yi ɗin ma yawancinsu suna cikin ƙasa.

Gadar ce dai ba ta dawo ba. An zo an auna, an ɗauki hoto, an tafi. Gidan Evaristo yana tsallaken kwazazzabo, kana hango jan kwanonsa da hayaƙin murhunsa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma in zuwa za ka yi sai ka zagaya ta hanyar Utuado, tafiyar awa huɗu ga mai lafiyayyar ƙafa. Evaristo kuwa shekara tamanin da uku, matarsa ta rasu, ɗansa guda yana Amurka, ga jini da ke yawan hau masa. Waya a wannan kwarin sai ran da ta ga dama take kamawa.

Milagros 'yar Nicanor ce ta kawo musu rediyon oba-oba guda biyu, ƙanana masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda ake sayar wa iyali a kanti. Ta sa su a tasha ta bakwai, ta nuna musu abin dannawa. Tun daga nan, ƙarfe bakwai na kowace safiya, Nicanor zai fito baranda da kofin kofinsa ya danna.

"Yaya, ka mutu ne ko da saura?"

"Da saura, ɗan nema. Sai na binne ka tukuna."

"Me ka karya da shi?"

"Dafaffiyar ayaba da busasshen kifi. Kai fa, yau ma iska ka sha?"

Daga nan sai zancen zakarun faɗa, da farashin kofi, da waɗanda suka mutu tun zamanin ubansu. Ko za a yanka Nicanor ba zai faɗa ba, amma wannan muryar ce take tayar da shi daga gado. Su biyu suka rage cikin 'ya'ya tara na gidansu.

Sai dai tasha ta bakwai ba tasu ba ce su kaɗai. Tun bayan guguwar gidajen tudun duka a nan suke tambayar juna lafiya. Ga kuma Don Ulpiano Marrero, tsohon malamin makaranta da ke kwanar hanya can ƙasa, mai eriya wadda ta fi hasumiyar coci tsawo. Shi ɗan babban rediyo ne, yana da lasisi da sunan kira na haruffa da lambobi, yakan wuni yana hira da mutanen Sifen da Japan waɗanda bai taɓa gani ba. Gaskiya dai, watannin da waya ta mutu shi ya riƙa aika saƙon mutane waje, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma yana da ƙaramar oba-oba a gefen teburinsa, kuma malanta ba ta bar jikinsa ba.

Ana tsakiyar labarin wani jan zakara sai a ji shi. "Gafara dai, Ulpiano ne daga kwanar hanya. Don Nicanor, minti talatin da biyar ke nan. Doña Pura tana son ta tambayi ɗanta ko ya samo mata maganin sukari. A saki, a ba ta hanya. Na gama."

"Iskar ta ubanka ce?" in ji Nicanor.

Ranar Asabar suka haɗu a shagon kan hanya. Don Ulpiano ya cire hula ya gaishe shi, sannan ya fara karatu. "Wannan ƙaramar an yi ta ne don gajeren saƙo, Don Nicanor. Ina kake, ka isa lafiya, zo ka ci abinci. Ka faɗi sunanka, ka faɗi wanda kake nema, ka saki ka saurara, don muddin kana danne babu mai iya magana. In doguwar hira kake so ga tamu hanyar, sai ka zauna jarrabawa a ba ka lasisi."

"In zauna jarrabawa kafin in gaida wanda muka sha nono ɗaya?" Nicanor ya dubi mutanen shagon. "Kun ji. Mutumin da ke tambayar Bajafane ko ana ruwa a garinsu, bai san akuyarsa tana cikin gonar mutane ba."

Aka yi dariya, malam ya mayar da hularsa.

Da Milagros ta zo Kirsimeti ubanta ya kai mata ƙara. Ta danna nan ta danna can, sai ga 'yar lamba goma sha biyu ta fito a gefen bakwai ɗin. "Lambar sirri ce, Baba. Daga yau ku biyu ne kawai." Ta zagaya a mota ta sa wa baffanta irinta. Washegari tashar ta yi tsit, babu Doña Pura, babu malam, sai muryar Evaristo tar.

A ƙofar coci Don Ulpiano ya tare shi. "Don Nicanor, lambar nan da aka sa muku, ba yadda kuke zato..."

"Tsaya nan. Ta yi maka ciwo ko? To ga mutane, ga ɗakin Allah. Rantse ba za ka ƙara sa baki a maganar gidanmu ba, a rediyo ko a ƙasa."

Kunnuwan malam suka yi ja. "Na rantse," ya ce.

Abin da ya so ya faɗa kuwa shi ne, lambar ba ta ɓoye muryar kowa. Kunnen mai ita kaɗai take toshewa, ya daina jin duk wanda bai sa irinta ba. Duk tudun yana jin 'yan'uwan nan kamar dā, su ne ba sa jin kowa. Babu wanda ya gaya musu, wasu don tsoron bakin Nicanor, wasu don hirar tana da daɗi.

Haka aka tafi har ruwan watan Mayu ya sauka. Wata Litinin Evaristo ya ce ɗansa Wilfredo yana matsa masa ya koma Amurka wurinsu, kuma yana tunani.

"Tunani?" in ji Nicanor. "Tafi mana. Je ka zauna a bene ana shafa maka mai kamar jariri. Dama tun muna yara kai ne mai gudu."

Da yammar ranar Evaristo ya canza batir. Garin haka ya danna abin da bai sani ba, goma sha biyun ta koma sifili.

Talata da bakwai Nicanor ya kira, shiru. Ya sake kira, shiru. Ya ɗaga kai, ga hayaƙi yana tashi daga jan kwano. "Fushi ake yi ke nan," ya ce cikin rediyon. "To a yi lafiya." Ya shiga ɗaki, kofin ya huce a baranda.

Laraba ma ga hayaƙi, ga shiru. Nan fa Nicanor ya danna bai saki ba, ya zazzage abin shekara sittin. Ya tuno masa gonar ubansu da ya sayar da rabinta. Ya tuno masa ranar jana'izar mahaifiyarsu da ya iso bayan an rufe. Ya ce in ya tashi tafiya kada ya yi sallama, ba a bukata. Ya ce shi bai taɓa bukatar kowa ba, kuma yanzu ba zai fara ba. Ya saki, ya jira, ya jira. Ruwa kawai yake ji a kan kwano.

Alhamis babu hayaƙi.

Ya kira da bakwai, ya kira da bakwai da rabi. Ya gaya wa kansa icen ne ya jiƙe. Ya sa takalmin roba ya cire, don in ya zagaya awa huɗu ya tarar da mutum yana kwance yana masa dariya fa? Yana nan tsaye wajen ƙarfe takwas sai ya hango mutum yana hawo tudu a ƙasa cikin ruwa, da sanda, taɓo har gwiwa. Don Ulpiano ne. Motarsa ta kafe a gindin tudun.

"Na karya rantsuwata," ya ce yana haki. "Ba ni rediyon."

Nicanor ya miƙa masa, shi kansa bai san dalili ba. Malam ya danna sau uku, goma sha biyun ta ɓace, nan take tashar ta cika da muryoyi. Doña Pura tana cewa, "Don Evaristo, kada ka yi motsi, suna hanya, kana ji na?" Wani yana cewa motar asibiti ta wuce mararraba.

"Na kira masu agaji ta babban rediyo tun shida da rabi," in ji malam. "Lambarsa ce ta goce tun Litinin. Yana jin ka, kai ne ba ka jin sa. Duk abin da ka faɗa ya amsa maka."

"Duka ya ji?"

"Duka."

Nicanor ya karɓa ya danna. "Yaya. Yaya, ni ne." Ya saki. Mutane suka yi shiru suka bar masa hanya. Can aka danna daga tsallake, aka ji numfashi mai nauyi, aka ji wani sauti daga maƙogwaro wanda ba kalma ba ne, sannan aka saki.

Nicanor ya nufi kwazazzabo. Ruwan ya cika yana tafe da itatuwa. Da shekara goma baya ne da ya ƙetare shi, wannan kowa ya sani, amma malam ya riƙe rigarsa da hannu biyu, ya ce in zai faɗa sai dai su faɗa tare. Daga baranda suka tsaya har wajen sha ɗaya, suka ga mutum huɗu ƙanana kamar tururuwa sun shiga ƙarƙashin jan kwano sun fito da abu a shimfiɗe.

"Me Yaya ya amsa min?" Nicanor ya tambaya, bai juyo ba.

Don Ulpiano ya zaro ɗan littafi daga cikin leda. Al'adar 'yan babban rediyo ce, abin da suka ji sai sun rubuta da lokacinsa. Ya miƙa, sai ya tuna Nicanor bai iya karatu ba, ya janye ya karanta da kansa.

"Talata, bakwai da minti biyu: Ina jin ka, ɗan nema, kai ne ka kurumce. Bakwai da minti biyar: Wane fushi, ga ni ina ta magana. Laraba, bakwai da kwata: Ba inda za ni, wasa nake maka, zan gaya wa yaron. Bakwai da minti ashirin: Nicanor, ya isa haka, ina jin ka fa." Ya juya shafi. "Yau, shida da minti ashirin: Hannuna ya mutu. Duk wanda ke ji ya gaya wa ƙanena."

"Talata ka ji, Laraba ka ji. Me ya zaunar da kai?"

"Kai ka sa na rantse. Kuma a wurinmu ba a kwasar zancen mutane daga iska a kai gaba." Ya rufe littafin. "Minti ɗaya ya ishe ni in gaya masa abin da zai danna. Ban yi ba. Na ce bari ka ɗanɗana shirun kwana biyu."

Nicanor ya shiga ya ɗora masa ruwan kofi, don mutumin yana rawar sanyi.

Evaristo bai mutu ba. Ɓarin jikinsa ne ya shanye, baki ya karkace, magana ta tafi. Bayan kwana huɗu Don Ulpiano ya kai Nicanor asibiti a motarsa, ya tsaya a bakin ƙofa. Nicanor ya zauna kusa da gadon da hularsa a cinya.

"Yaya, maganar gonar nan da ta jana'iza, ka san bakina ne kawai."

Evaristo ya dube shi da idon da ke buɗewa sosai. Leɓensa ya motsa, miyau ya gangaro. Nicanor ya kai kunnensa har yana taɓa bakin, ya daɗe a haka, bai samu komai ba. Yafewa ce, zagi ne, ko ruwa yake so, bai sani ba.

Wilfredo, wanda ya sauka daga jirgi da safen nan, ya shigo da takardu a hannu. "Baffa, da likita ya sallame shi zan wuce da shi."

"Ya ce ba zai je ba."

"Yaushe ya ce?"

Nicanor ya yafito malam, aka buɗe littafin a shafin Laraba. Wilfredo ya karanta, ya karanta na Talata da na Alhamis ma, sannan ya mayar.

"Wannan lokacin yana da baki da hannu ne, Baffa. Yanzu wa zan bar wa shi? Kai, da ya kwana biyu yana kiranka?"

Nicanor, wanda ba a taɓa rufe masa baki a shago ko a coci ba, ya ɗauki gefen zanen gado ya share wa yayansa haɓa. Ranar sha tara ga wata suka tafi da shi.