Tungar Kanya a Tafin Hannu

"Buɗe idonka da kyau, Junaidu. Wanga layi ba hanya ba ta, gulbi na."

"Baba, rannan ka ce mini hanyar Bukkuyum ce."

"Hannun hagu na nuna maka rannan. Duk littattafan da kake haɗiya ba su koya maka dama da hagu ba?"

Ya yi dariya, dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa har sai da na tallabe shi ya jingina da bango. Baba Barau maƙwabcinmu ne a Gummi. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da ɗakin da aka ba shi aro shi da 'yarsa Lubabatu, tun shekarar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, Tungar Kanya, can bayan Zugu. A damanar nan ƙafafunsa suka kumbura, aka kai shi asibiti, likita ya ce ƙoda ce, ya ce a mayar da shi gida a riƙa ba shi abin da ransa yake so. Kowa a layinmu ya gane maganar.

Da tarin ya lafa, ya sake buɗe tafin hannunsa na dama, ya ɗora yatsa a gindin babban yatsa, inda fata ta yi kanta saboda fartanya.

"Nan. Nan nika son ka kai ni bisa babur ɗinka."

"Baba, hanyar nan..."

"Na san hanyar, ni na tsufa a kanta. Kuma na san ba a yawo da gawa. Inda mutum ya cika nan aka rufe shi. Shi ya sa nika son ka kai ni da sauran numfashina. Habsu na can ƙarƙashin kanya ita ɗaya, ko mai share mata ciyawa babu."

Habsu marigayiyar matarsa ce, mahaifiyar Lubabatu, a can aka binne ta. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Ni ɗan kabu-kabu ne, na san kowane rami daga Gummi zuwa Anka, na kuma san waɗanne hanyoyi ne abokan sana'ata suka shiga ba su dawo ba.

Yaran layinmu Baba Mishigan suke ce masa, kuma yana amsawa. Asalin sunan daga garin Abare ne. Lokacin da gubar dalma ta riƙa kashe ƙananan yara a garuruwan masu niƙan dutsen zinariya, Baba Barau ya je can ya samu aikin leburanci tare da Turawan da suka zo kankare gurɓatacciyar ƙasa daga tsakar gidaje. A cikinsu akwai wani dogon mutum mai jan wuya, wanda leburori suka laƙaba wa Dogo. Na ji labarin ya fi a ƙirga, amma kullum sai in zauna kamar ban taɓa ji ba, saboda yadda idanun Baba suke haske idan ya zo wurin.

"Muna cin ƙosai inuwar dalbejiya, nac ce ma mai fassara, tambaye mani shi mutumin wace ƙasa na. Ni jira nikai in ji Amurka ko Ingila. Sai bawan Allah ya aje ƙosai, ya goge mai ga wando, ya miƙo mani hannu hakanga. Na ɗauka gaisuwa ta, na kai nawa. Sai ya janye, ya sa yatsa ga tafinai, yac ce Mishigan!"

A nan sai Baba ya dakata a yi dariya.

"Wai jiharsu in ka dube ta ga taswira kamar hannun mutum take, ruwa ya kewaye ta. Duk ɗan garinsu in ya haɗu da baƙo hannu yake ɗagawa ya nuna mashi inda anka haife shi. Nac ce to Amurkar fa? Yac ce ai wannan ka ji ta ga bakina tun kafin ka tambaya. Sai ya juyo mani da tambaya. Nac ce Najeriya. Ya girgiza kai. Nac ce Zamfara. Yac ce ina? Nac ce Zugu. Yac ce ina cikin Zugu? Wallahi sai na buɗe nawa hannun don in rama. Junaidu, sai ga ta. Ga gulbi, ga hanya, ga kanyar gidanmu. Ashe tun haihuwa nika yawo da ita ban duba ba."

Na taɓa gaya masa abin da na karanta, cewa mutanen Amurka haka suke, idan baƙo ya tambaye su sai su ambaci jiharsu ko birninsu kamar dole kowa a duniya ya san su, kuma wasu na ganin girman kai ne. Baba ya taɓe baki.

"Wanda ya rubuta wanga bai ga idon Dogo ba sadda yake nuna wurin. Kewa ta. Mutumin nan uwatai yake tunani."

Na buɗe masa taswirar a wayata, ga jihar kuwa kamar hannu. Ya yi murna kamar an kawo masa gaisuwar Dogo. Sannan ya ce in nemo masa Tungar Kanya. Na ja hoton, na buɗa shi, na sake buɗawa. Zugu ta fito. Bayanta babu komai sai kore.

"Bar shi," ya ce. "Nawa ya fi naka."

Da na gaya wa Inna abin da ya roƙe ni, tana tankaɗen gari ne, sai ta ajiye rariyar.

"Kai kaɗai gare ni, Junaidu."

"Na sani, Inna."

"To mi kake so in ce? In ce je ka? In ce kar ka je, tsoho ya mutu da abin a ransa, ni in riƙa haɗa ido da ɗiyatai ga bakin rijiya?" Ta ɗauki rariyar, ta sake ajiyewa. "Kuma kar ka ɗauka ban san don wa kake rawar ƙafa ba."

Ban musa ba. Tun ranar da Lubabatu ta fara shigowa gidanmu ɗibar wuta, da ɗan guntun kasko a hannunta da idanun da ba sa tsayawa kan kowa, na rasa natsuwata. Na rubuta mata maganganu a zuciyata waɗanda suka fi na cikin littattafai daɗi, ban taɓa furta ko ɗaya ba. Iyakarmu ina kwana, ya mai jiki. Baba ya daɗe da ganewa. Idan na shigo gaishe shi sai ya ce, "Ga mai dubiya ya zo, amma ba ni yake dubawa ba."

Da yamma Lubabatu ta same ni a ƙofar gida ina wanke babur. Ta tsaya nesa kaɗan, ta ja mayafinta.

"Yaya Junaidu, ya daina cin abinci. Ko kunu in na kai bakinai sai ya kau da kai ya buɗe mani hannu." Ta goge ido da gefen mayafin. "Ban ce dole ba. In ka ce a'a, wallahi ba ni riƙe ka."

Na so a ce ni wani ne, mai mota da rakiya, mai waya ɗaya da zai buga a buɗe hanya. Abin da nake da shi babur ne da tsumma a hannu.

"Na ji an ce kwanan nan hanyar ta yi sauƙi," na ce. Haka aka ce a tasha, kuma haka ake cewa kullum kafin wani abu ya faru.

Muka tashi da hantsi, lokacin da masu zuwa gona suka cika hanya. Inna ta fito da zanenta mai kauri, ita da kanta ta ɗaure Baba a bayana kamar goyo, ta ƙulle a ƙirjina, ta ja ƙullin har sai da na ji zafi. Addu'a kawai take motsawa a leɓenta. Lubabatu ta hau baya ta rungume mahaifinta, yatsunta suka kama gefen rigata. Na sha mafarkin ranar da za ta hau babur ɗina. Ba haka na zana ta ba.

Baba ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka wuce fadamun shinkafa, kore shar har iyakar gani, mata na tsugune a bakin ruwa, balbelu na bin shanu. Iska ta buge shi sai ya farfaɗo, ya fara surutu a kunnena.

"Ka ji ƙamshin? Ƙasar nan ta sha ruwa. A hankali, ɗan banza, ba buhun gero ka ɗauko ba."

"Baba, in na yi a hankali ka ce ni tsohuwa ce."

"To ai ita ce kai."

Har Lubabatu sai da ta yi dariya, na ji ta a bayana.

Da muka bar kwalta muka shiga burji, gonaki suka fara canzawa. Gero a nan, ciyawa a can, sannan ciyawa zalla inda da gonaki ne. Sai muka fara cin karo da mutane suna tahowa ta inda muka nufa, mata da ƙullin kaya a ka, wani tsoho yana jan akuya, yara ba takalmi. Ba wanda ya yi mana sannu. Wata mata ta ɗaga mana hannu tana nuna baya, ban tsaya ba.

A gindin wata tsamiya, kafin gangaren rafi, wani mutum ya shiga gabana ya kama kan babur. Hudu ne, ɗan sa-kai, mun san juna a tasha.

"Junaidu, ka haukace? Ina za ka da tsoho?"

"Tungar Kanya. Ajiye shi kawai zan yi."

"Ajiye shi wurin wa? 'Yan bindiga suna ƙetaren rafin nan tun da safe. Sun kwashi mutane ga gona. Ba mai wucewa yau."

"Hudu, dubi halin da yake ciki."

Ya duba. Ya sassauta murya, amma bai saki kan babur ɗin ba. "Na gani. In ka gangara, ku uku za a rasa, kuma ita ba kashe ta za su yi ba. Ka fi ni sani."

Na kashe injin. Daga nan ana hango gangaren, da jan ruwan rafin, da duhun itatuwa a ƙetare. Na ji kan Baba ya yi nauyi a kafaɗata.

"Sauke ni," ya ce.

Muka kwance zanen, muka shimfiɗa shi a inuwa, Lubabatu ta ɗora kansa a cinyarta. Numfashinsa ya koma sama-sama. Hudu ya kawo ruwa a gora, ta jiƙa masa leɓe. Ni na durƙusa ina ta cewa, "Baba, mu ɗan jira, wataƙila su tashi. Wataƙila zuwa azahar." Ban san wa nake lallashi ba.

Ya buɗe hannunsa na dama a kan ƙirjinsa. Yatsan hagun ya bi layin gulbin, ya tsaya a bakinsa.

"Muna nan," ya ce. Ya matsa yatsan kaɗan, abin da bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba. "Ga gida."

"Mun kusa, Baba."

"Dogo yac ce... shi in za shi gida, sai ya kwana cikin jirgi." Ya yi wani abu kamar murmushi. "Kuma yana zuwa."

Lubabatu ta sunkuya tana karanta masa kalmar shahada a kunne. Ya bi ta sau ɗaya a fili, na biyun leɓensa kawai. Mutane na ta wucewa ta gefenmu da kayansu, wasu su rage tafiya, su yi salati, su ci gaba. Wani ɗan tsako da ya kuɓuce daga kwandon wata mata yana ta kuka a cikin ciyawa. Ina kallon ƙirjin Baba yana hawa yana sauka, sannan na ga ina jiran ya hau.

Hudu ya cire hularsa ya mayar, ya yi salati, ya shafa masa ido.

Na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro, ni da ya kamata in ba ta haƙuri. Na miƙe na kama babur. "Zan kai shi. Hudu, ka riƙe ta a nan, ni kaɗai zan gangara da shi. In haƙa da hannuna in dawo. Na yi masa alkawari."

"Ba ka yi mashi alkawarin mutuwa ba," Hudu ya ce.

Lubabatu ba ta dubi ko ɗayanmu ba. Ta daɗe tana kallon ƙetaren rafin, inda kan wata doguwar itaciya ya fi sauran tsawo. Ban tambaye ta ko ita ce kanyar ba. Hannun mahaifinta yana nan a buɗe a kan ƙirjinsa, tafin yana kallon sama, wani ɗan ganyen tsamiya ya faɗo a ciki. Ta ɗauke ganyen. Ta naɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, har suka rufe gulbin da hanyar da gindin babban yatsa, ta riƙe dunƙulen da hannayenta biyu.

"Yaya Junaidu," ta ce, "juya babur ɗin. Gummi za mu kai shi."